Lise Meitner: Matar da ta gano sirrin rabewar ƙwayar zarra

An haifi Lise Meitner ran 7 ga watan Nuwamban 1878 a Vienna, babban birnin Ostiriya, a gidan wani lauya Bayahude.

Ta sami digirin digirgir a fannin fiziks daga Jami'ar Vienna a 1906, a zamanin da ba kasafai ake barin mata su shiga jami'a ba.

A 1907 ta koma Berlin ta ƙasar Jamus, inda ta haɗu da Otto Hahn, masanin kimiyyar sinadarai, suka yi kusan shekara 30 suna bincike tare.

Da farko a wani tsohon ɗakin kafinta aka ba su wurin aiki, domin an hana mata shiga manyan ɗakunan gwaje-gwaje. Duk da haka, a 1926 ta zama mace ta farko da ta kai matsayin farfesar fiziks a Jamus.

Bayan da Hitler ya haɗe Ostiriya da Jamus a watan Maris na 1938, rayuwarta ta shiga haɗari saboda asalinta. A watan Yuli ta tsere ta Holan, daga bisani ta zauna a Stockholm, babban birnin Suwidin.

A watan Disamban shekarar, Hahn da Fritz Strassmann suka yi ta harba ƙananan ƙwayoyin da ake kira nutron a kan yuraniyom, sai suka ga bariyom ya bayyana, sinadarin da nauyinsa bai wuce rabin na yuraniyom da yawa ba. Abin ya ɗaure wa Hahn kai, ya rubuta mata wasiƙa yana neman bayani.

Meitner ta tattauna batun da ɗan 'yar'uwarta, Otto Frisch, a garin Kungälv. Sun ɗauki cibiyar ƙwayar zarra tamkar ɗigon ruwa, kamar yadda George Gamow da Niels Bohr suka kwatanta ta.

Ƙarfi biyu ne ke ja-in-ja a cikin ɗigon: ɗaya na riƙe shi a dunƙule, ɗaya kuma, wato ƙarfin lantarki, na neman wargaza shi. A yuraniyom ƙarfin biyu sun kusa yin kunnen doki, saboda haka ɗan taɓi kaɗan zai iya sa ɗigon ya miƙe, ya tsuke a tsakiya, ya rabe biyu.

Meitner ta lissafa nauyin ɓangarorin biyu, ta tarar sun gaza na asalin cibiyar da kimanin kashi 1 cikin 5 na nauyin furoton ɗaya. Bisa ƙa'idar Albert Einstein, nauyin da ya ɓace ya rikiɗe ne ya zama makamashi, kimanin ilektron-bolt miliyan 200, abin da ya ninka na ƙone ƙwayar gawayi ɗaya sau miliyoyi.

Mujallar Nature ta buga bayanin nasu a watan Fabrairun 1939.

A kan wannan tushe ne Bohr da John Wheeler suka yi gini a watan Satumba. Sun nuna cewa akwai wani shinge na makamashi da tilas cibiya ta tsallake kafin ta rabe. Nutron mai tafiya a hankali kan ishi yuraniyom 235 ya tsallake shingen, amma bai ishi yuraniyom 238 ba.

Yuraniyom 235 kuwa kashi 0.7 cikin 100 ne kawai na wanda ake haƙowa a wurare irin su Arlit ta Jamhuriyar Nijar. Dalilin ke nan da ya sa ake tace shi, tacewar da ta zama tushen taƙaddama tsakanin ƙasashen duniya.

A 1943 an gayyaci Meitner ta shiga aikin ƙera bam na nukiliya a Amurka, ta ƙi.

Da aka zo ba da lambar yabo ta Nobel a kimiyyar sinadarai ta 1944, Hahn kaɗai aka ba. Masana tarihin kimiyya da dama na ganin ba a yi mata adalci ba. Sai a 1966 Amurka ta ba ta lambar Enrico Fermi tare da Hahn da Strassmann.

Ta rasu a Cambridge ta Ingila ran 27 ga watan Oktoban 1968, kwanaki kaɗan kafin ta cika shekara 90. A 1997 aka tabbatar wa sinadari mai lamba 109 sunan meitnerium domin tunawa da ita.

Wannan rabewa da ta bayyana ita ce ke motsa ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike da aka kunna a 2004 a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka kafa domin gano sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai da kayan abinci.