Paul Eisler: Injiniyan da ya sayar da fasaharsa kan fam ɗaya

A da, da hannu ake haɗa rediyo: ma'aikaci ya riƙa ɗaukar waya ɗaya bayan ɗaya yana liƙawa da dalma. Paul Eisler na cikin waɗanda suka sauya wannan tsari.

An haife shi a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1907, ya kammala karatun injiniya a 1930. Kasancewarsa Bayahude ya sa samun aiki ya yi masa wuya, sai ya yi ƙaura zuwa Landan a 1936. A ɗakin haya ya haɗa rediyon da wuta ke bin siraran layukan tagulla a jikin allo maimakon tarin wayoyi. Kamfanin Plessey ya ƙi karɓa, wai 'yan matan da ke liƙa waya sun fi araha.

A 1940 Birtaniya ta tsare shi a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba. Bayan an sake shi ya kama aiki da kamfanin ɗab'i na Henderson and Spalding, inda ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, haƙƙin ƙirƙirarsa ya tafi kan fam ɗaya. Masana'antun duniya suka yi arziki da allon, shi kuwa bai yi ba. Ya rasu a Landan a 1992.

Tsohuwar hanyar dai ba ta mutu ba. Ɗalibai na gwaji da Veroboard, kuma idan layin tagulla ya ƙone, mai gyaran rediyo a Dutsin-Ma da guntun waya yake haɗe shi.