Alexander Fleming: Likitan da Ya Ga Magani a Cikin Fumfuna

Ya tabbata a hadisin da Imam Ahmad ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa kowace cuta Allah ya saukar mata da magani, sai dai wani ya san shi, wani ya jahilce shi. Rayuwar Alexander Fleming tana tuna mana wannan hadisi, duk da cewa shi ba Musulmi ba ne.

An haife shi a 1881 a gidan manoma a Sikotilan, ya yi karatun likitanci a asibitin St Mary's da ke Landan. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ga yadda raunuka ke ruɓewa har su kashe sojoji a Faransa.

A Satumban 1928 ya dawo daga hutu ya tarar fumfuna ta kama wani farantin da yake renon bakteriya a ciki. Da wani ne da ya wanke farantin. Shi kuwa sai ya lura cewa bakteriyar da ke kewaye da fumfunar ta mutu. Ya raɗa wa sinadarin suna penisilin. Aikinsa shi ne hana bakteriya gina bangon da ke riƙe da ita, sai ta fashe. Ƙwayoyin halittar jikinmu ba su da irin wannan bango, shi ya sa ba ya rusa su. Ƙwayar bairos da ke kawo mura ma ba ta da shi, don haka shan sa saboda mura asara ce.

Adalci ne mu ce Fleming bai iya tace maganin ba. Howard Florey da Ernst Chain ne suka yi haka a Oxford. Ɗan sandan da suka jarraba wa a 1941 ya fara farfaɗowa, maganin ya ƙare, ya mutu.

Da su ukun suka karɓi kyautar Nobel a 1945, Fleming ya yi gargaɗi cewa shan abin da bai kai ƙima ba yana koya wa bakteriya jure maganin. Mu a Sabon Birni da Isa, inda rashin tsaro ya sa zuwa asibiti ya yi wuya, sau nawa muke sayen kafso biyu a kemis, mu daina da zarar zazzaɓi ya sauka?

Ya mutu a Landan ranar 11 ga Maris, 1955.