Tarihin Dokta Mariya Montessori, Likitar Da Ta Koma Malamar Yara Masu Raunin Fahimta

'Yan'uwana tsofaffin ɗalibai, duk wanda ya saba bin hanyar nan ta Madobi zuwa Kano, idan ya wuce Panshekara ya kutsa cikin unguwannin birni, ba zai rasa cin karo da allon wata makarantar kuɗi da aka rubuta wa Montessori ba. Wasu daga cikinmu ma 'ya'yansu suna irin waɗannan makarantu. Amma da za a tambaye mu ma'anar kalmar, wani zai ce sunan gari ne, wani kuma ya ce Turancin makarantar renon yara ne. To, sunan wata mata ce likita, 'yar ƙasar Italiya, wadda ta rasu tun cikin 1952. Abin mamaki kuwa shi ne, hanyar koyarwar da ake zuba kuɗi dominta a yau ba a kan 'ya'yan masu hali aka fara ta ba. An fara ta ne a kan yara masu raunin fahimta, waɗanda mutanen zamaninsu suka ce ba su koyuwa.

Ina da dalilina na zaɓen tarihin wannan mata. Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda sanƙarau ya kama yana ɗan shekara biyu. Ya tashi, amma fahimtarsa ta yi baya. Da aka sa shi firamare, shekara huɗu ya yi a bencin ƙarshe bai iya rubuta sunansa ba. Yara suna kiransa dolo, malamai kuwa idan ba bulala ba sai aike. Daga ƙarshe mahaifinmu ya cire shi ya haɗa shi da kawunmu mai noman rani. Nan fa muka ga abin da ba mu zata ba. Kawu bai yi masa dogon bayani ba, sai dai ya ɗauko tumatir ya sa masa a hannu, wannan nunanne, wannan ɗanye, wannan ya fara lalacewa. Kafin kakar ta wuce, yaron nan yana ware tumatir yana shirya kwando yadda dillali ba zai ce komi ba. Sai da na je jami'a na karanta labarin Montessori sannan na gane cewa abin da kawu ya yi a bakin kwando, shi ne ta mayar ilmi shekaru fiye da ɗari da suka wuce.

Haihuwarta da karatunta

An haifi Mariya Montessori ran 31 ga watan Agusta, 1870, a garin Chiaravalle kusa da Ancona. Mahaifinta, Alessandro, ma'aikacin gwamnati ne a ma'aikatar kuɗi, mahaifiyarta kuwa, Renilde Stoppani, mace ce mai son karatu. A 1875 aiki ya mayar da iyalin birnin Rum. A wancan zamani aikin da aka fi yarda 'ya mace mai ilmi ta yi shi ne koyarwa, ita kuwa Mariya ta ce ba ta so. Tana da shekara 13 ta shiga makarantar fasaha, wadda galibin ɗalibanta maza ne, da niyyar zama injiniya. Daga baya ta sake shawara ta ce likita za ta zama, abin da bai yi wa mahaifinta daɗi ba.

Ta shiga Jami'ar Rum a 1890, ta fara da kimiyya, sannan aka karɓe ta a sashen likitanci a 1893. Ba ta ji da daɗi ba a hannun abokan karatunta maza. Da yake ana ganin bai dace mace ta tsaya tare da maza a kan gawa ba, sai aka sa ta riƙa shiga ɗakin fiɗa ita kaɗai bayan kowa ya watse. Haka ta daure har ta gama a 1896, ta shiga sahun farko na matan da suka zama likitoci a Italiya.

Yaran gidan mahaukata

A 1897 ta kama aikin sa kai a asibitin masu taɓin hankali na Jami'ar Rum. Aikin yakan kai ta gidajen mahaukata na birnin, inda ta tarar an kulle yara masu raunin fahimta, alhali kuwa raunin fahimta daban, hauka daban. Wata rana ta shiga wani ɗaki ta iske yara cunkushe, ba abin wasa, ba hoto, ba komi sai bango. Matar da ke tsaronsu ta yi mata ƙorafin cewa yaran haɗamammu ne, domin da zarar sun gama cin abinci sai su bi ƙasa suna tsintar ɓarɓashin burodi. Montessori ta dubi ɗakin, ta fahimci cewa ba yunwar ciki ce kaɗai ke damunsu ba. Ɓarɓashin nan shi ne kaɗai abin da hannunsu zai taɓa ya jujjuya. Daga nan ta tsai da ra'ayi cewa matsalar waɗannan yara ta fi kusa da aikin malami a kan aikin likita, kuma ta faɗi haka a gaban taron malamai na ƙasa da aka yi a birnin Turin a 1898.

Ba ta tsaya ga faɗa ba, sai ta shiga neman waɗanda suka riga ta. Ta gano ayyukan likitoci biyu na Faransa. Na farko shi ne Jean Itard, wanda ya yi shekaru yana koyar da wani yaro da aka tsinto a dajin Aveyron wajen 1800, aka sa masa suna Victor. Na biyu almajirinsa ne, Edouard Seguin, wanda ya buɗe makarantar masu raunin fahimta a Paris, ya wallafa littafi a kan tarbiyyarsu a 1846, daga bisani ya ƙaura Amurka. Montessori ta je Paris da Landan ta ga yadda ake yi, kuma daga baya ta zauna ta fassara littattafan mutanen nan biyu zuwa Italiyanci, ta kwafe su da hannunta, domin ma'anarsu ta zauna mata.

Shekaru biyu a aji

A 1900 aka buɗe wata makaranta a Rum don horar da malaman da za su koyar da irin waɗannan yara, aka haɗa ta da ajin gwaji. Aka naɗa Montessori da wani likita, Giuseppe Montesano, su shugabance ta. Malamai 64 ne suka shiga zangon farko. Ko da yake ita ce shugaba, ba ta zauna a ofis ba. Daga ƙarfe takwas na safe zuwa bakwai na yamma tana aji tare da yaran, da dare kuma ta rubuta abin da ta gani, ta gyara kayan aikin gobe.

Hanyarta ba ta da wuyar ganewa. Na farko, a fara da hannu da ido da kunne kafin a zo ga alli da allo. Ta sa aka sassaƙa mata haruffa na katako, yaro ya riƙa bin siffarsu da yatsa har hannunsa ya saba tun bai riƙe fensir ba. Na biyu, a raba kowane aiki gida-gida. Alal misali, akwai wata yarinya 'yar shekara 11 da ta kasa koyon ɗinki duk da hannunta lafiya lau yake. Maimakon a yi ta maimaita mata, sai Montessori ta ba ta saƙar tabarmar takarda, a cusa a fitar, a cusa a fitar. Da ta gwanance a wannan aka mayar da ita ga allura, sai ga shi ta iya. Na uku, darasi mai hawa uku da ta koya daga Seguin: malami ya nuna abu ya faɗi sunansa, sannan ya ce yaro ya miƙo masa abin, sai a ƙarshe ya tambaye shi sunan. Idan yaro ya kuskure, ba tsawa ba duka, sai a bari zuwa wani lokaci a sake daga farko.

Sakamakon ya girgiza mutane. Wasu daga cikin yaran nan da aka kwaso daga gidan mahaukata sun zauna jarrabawar karatu da rubutu ta gwamnati tare da yaran makarantun gari, kuma suka ci. Jama'a na ta yabo, ita kuwa tunaninta ya tafi wani wuri. Idan har yaran da aka ce ba su koyuwa sun kamo masu cikakkiyar lafiya, ashe ke nan makarantun gari danne basirar yara suke yi.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan. Montessori ba ta daɗe da waɗannan yara ba, domin a 1901 ta bar makarantar. Masu tarihi suna danganta haka da ɓatawarta da Montesano, wanda shi ne uban ɗanta Mario da ta haifa a 1898, amma ya auri wata. Shi Montesano ya ci gaba da aikin masu raunin fahimta har ƙarshen rayuwarsa, ita kuwa ta koma jami'a ta karanci falsafa da ilmin tarbiyya.

Gidan Yara da yaɗuwar sunanta

Ran 6 ga Janairu, 1907, ta buɗe ajinta na farko na yara masu lafiya a San Lorenzo, unguwar talakawa a Rum, ta sa masa suna Gidan Yara. Yaran sun kai hamsin, 'ya'yan leburori, waɗanda iyayensu ke fita aiki su bar su suna gararamba. Kayan da ta gwada a kan masu raunin fahimta su ta kawo musu. Da kuɗin sassaƙa haruffan katako ya gagara, sai aka yanka su daga takardar nan mai kaushi da kafintoci ke goge katako da ita. Ba a jima ba 'yan shekara huɗu da biyar suka fara rubutu. Littafinta na 1909 a kan wannan hanya ya fito da Turanci a 1912, ta ziyarci Amurka a 1913, kuma a 1929 ita da ɗanta suka kafa ƙungiyar Montessori ta duniya.

Siyasa ma ba ta ƙyale ta ba. Da farko gwamnatin Mussolini ta goyi bayan makarantunta, amma suka saɓa, ta bar Italiya a 1934, aka rufe makarantun a 1936. A wannan shekarar yaƙin basasa ya kore ta daga Barcelona ta ƙasar Sifen, ta koma Holan. Ta tafi Indiya a 1939 don horar da malamai, Yaƙin Duniya na Biyu ya rutsa da ita a can, ba ta dawo Turai ba sai 1946. An gabatar da sunanta don lambar Nobel ta zaman lafiya a 1949 da 1950 da 1951. Ta rasu ran 6 ga Mayu, 1952, a Noordwijk ta ƙasar Holan, tana da shekara 81. A 1990 Italiya ta sa hotonta a takardar kuɗi ta lira 1000.

Abin da ya rage gare mu

A ƙasarmu ba za a ce ba a yi komi ba. Tsarin ilmi na ƙasa na 1977 ya ware babi a kan ilmi na musamman, akwai kwalejin tarayya a Oyo da ke horar da malaman wannan fanni, Jami'ar Bayero ma tana da sashensa. A Kano akwai makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki, da gidan Torrey mai kula da yara masu larurar ƙwaƙwalwa. A watan Janairun 2019 kuma aka sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Sai dai duk wannan ya yi wa yaron da ke Kafin Agur ko Kwankwaso nisa. Shi makarantarsa ita ce firamaren garinsu, kuma a nan ne za a taimake shi ko a yar da shi.

Mu sani cewa raunin fahimta ba aikin iska ba ne, ba kuma taurin kai ba. Doguwar naƙuda, da shawarar jarirai mai tsanani, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da rashin sinadarin aidin a abincin mai ciki, duk suna iya jawo shi. Bulala ba ta warkar da ko ɗaya daga ciki.

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara, a taronmu mai zuwa mu duba yiwuwar ɗaukar nauyin malami ko da ɗaya ne daga yankinmu ya je ya koyo wannan fanni, ya dawo ya koya wa 'yan'uwansa. Kayan aiki kuwa ba sai an yi odarsu daga Turai ba. Kafinta zai sassaƙa haruffa, tela zai ɗinka ƙyalle mai maɓallai da zif, ga ƙwarya manya da ƙanana, ga wake da masara na ƙirga. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƙanena yanzu magidanci ne, yana ci da guminsa a gonar tumatir, amma har yau da babban yatsa yake dangwale takarda. Na tabbata da ya sami malamin da zai sa masa harafi a hannu yadda kawu ya sa masa tumatir, da ya rubuta sunansa. Akwai ire-irensa a bencin ƙarshe na makarantunmu yau da safen nan. Allah Ya ba mu ikon waiwayarsu.