Waziri Ahmadu Mai Shahada: Basaraken Kano da ya zaɓi yaƙi a Kwatarkwashi

Matafiyin da ya bar Funtuwa ya nufi Gusau zai hango Dutsen Kwatarkwashi a gefen hanya. A wannan yankin ne dawakan Kano suka yi sukuwarsu ta ƙarshe a kan sojojin Turawa cikin Fabrairun 1903, kuma Wazirin Kano Ahmadu ne ya jagorance su.

Ahmadu ɗa ne ga Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855. Da Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi kuwa suka ƙi mubaya'a, suka fice zuwa Takai tare da Yusufu. Daga nan basasar Kano ta tashi. Yusufu ya rasu ana tsakiyar rikicin, Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu, ya karɓi jagoranci, ya shiga birni a 1894, sannan ya ba ɗan'uwansa Ahmadu sarautar Waziri. Wato da takobi gidansu ya karɓi mulki, kuma jinin Kanawa ne ya zuba a hanya.

A farkon 1903 Alu ya tafi Sakkwato da manyan hakimansa domin yi wa sabon Sarkin Musulmi Attahiru mubaya'a. Suna can Kanar Morland ya tashi daga Zariya ranar 29 ga Janairu da soja sama da 700, ya ratsa arewacin ƙasar Zazzau, ya fasa ƙofar Bebeji da igwa, ya haye kogin Challawa, ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu.

Labarin ya iske tawagar a kan hanyar komawa gida. A Birnin Goga Alu ya sulale cikin dare, gari ya waye jama'a ba sarki. Nan kawuna suka rabu: Wambai Abbas ya ɗauki nasa mutanen ya nufi Kano domin ya miƙa wuya, Waziri Ahmadu kuwa ya zaɓi yaƙi.

Ranar 26 ga Fabrairu rundunarsa ta yi kiciɓis da Laftanar Wallace Wright, wanda ke tare da hafsa ɗaya da soja 44. Bayanin Turawa ya ce mahaya 1,000 da dakaru 2,000 ne suka yi ta kai musu farmaki har tsawon sa'a biyu. Sojojin sun tsaya kafaɗa da kafaɗa ta fuska huɗu suna ɓarin wuta, mashi da takobi kuwa ba su isa inda harsashi ke isa ba. A nan Waziri ya faɗi tare da mabiyansa da dama.

Wright ya samu lambar Victoria Cross, mafi girman lambar jarumta ta Ingila. Lugga ya naɗa Abbas Sarkin Kano a watan Afrilu. Alu ya ƙare rayuwarsa a tsare a Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Ahmadu ya tsira da laƙabin da Kanawa suka ba shi: Mai Shahada.

A ƙasashe irin Amurka akan kafa allo a bakin titi inda aka yi gumurzu, da suna da rana da dalili. Kwatarkwashi da Bebeji da mashigin Challawa sun cancanci irin wannan. Sai dai allon gaskiya zai faɗi duka: cewa Waziri ya mutu yana kare ƙasarsa, cewa ɗan'uwansa ne ya gaji sarautar daga hannun waɗanda suka kashe shi, kuma cewa akasarin sojojin da suka harbe shi 'yan Afirka ne, har da Hausawa.