Abubakar Razi, Gwanin Tace Magunguna

An haifi Abubakar Razi a birnin Rayyi, ƙasar Farisa, wajen shekara ta 865. Da ya shahara cikin likitanci, sai aka ba shi shugabancin asibitin Bagadaza. Cikin littafinsa Sirrul Asrari ya bayyana yadda ake dafa ruwa, a kama tururin a sanyaya, ya ɗigo garau, dauɗa ta saura cikin tukunya. Mu nan Katsina mun saba ganin iyayenmu mata suna tace toka, amma da ka suke koya wa 'ya'yansu. Shi kuwa ya rubuta kayan aikin da hanyarsa daki-daki, don kada sanin ya bi malami kabari. Ya makance da tsufa, ya rasu wajen 925. Allah ya jiƙansa.