RABARAN DANIEL JENKINS, UBAN MARAYUN CHARLESTON

'Yan uwana tsofaffin ɗalibai, a wannan fitowa na ga ya kamata in kawo mana tarihin wani bawan Allah da ba a cika ambatonsa a littattafan makaranta ba, wato Rabaran Daniel Joseph Jenkins, wani fasto baƙar fata na ƙasar Amurka. Abin da ya ja hankalina gare shi shi ne yadda ya ɗauki yara maza waɗanda gari ya riga ya fid da rai da su, ya tsaya a kansu tsawon shekara 46 har suka zama mutane.

An haifi Jenkins a shekarar 1862 a gundumar Barnwell ta jihar Karolina ta Kudu, lokacin da ake tsakiyar yaƙin basasar Amurka. A cikin bauta aka haife shi, don ba a haramta ta a faɗin ƙasar ba sai 1865. Ya kuma ɗanɗani maraici tun yana ƙarami. Da ya girma sai ya zauna a Charleston, birnin da ke bakin teku, yana sana'ar itace, yana kuma jagorancin wata majami'a ta 'yan ɗarikar Baptis.

Wata safiya mai tsananin sanyi a watan Disamba na 1891, ya je wajen tashar jirgin ƙasa kan harkar itacensa, sai ya tarar da yara maza huɗu baƙar fata sun takure cikin wani tarago. Da ya bincika sai ya ji ba su da kowa, kuma nan suka kwana. A lokacin birnin yana da gidan marayu na hukuma wanda aka kafa tun 1790, amma 'ya'yan farar fata kaɗai ake karɓa. Yaro baƙar fata da ya rasa iyaye ba shi da masauki sai titi, in kuwa yunwa ta sa ya yi ɗauke-ɗauke, sai kurkuku tare da manyan masu laifi. Jenkins, ga shi da nasa iyalin da kuma ƙaramin ƙarfi, ya kwashi yaran nan ya kai wa maiɗakinsa Lena. Daga nan ya tsaya gaban jama'ar majami'arsa ya roƙi taimako, aka kafa ƙungiyar taimakon marayu.

Ba a daɗe ba yara suka yi wa wurin farko yawa, sai ya samu hukumar birni ta ba shi wani tsohon asibitin matuƙa jirgin ruwa da ke titin Franklin. Wannan gini kuwa maƙwabcin gidan yarin birnin ne, katanga ce kawai tsakani. A ganina duk aikin mutumin nan yana cikin wannan maƙwabtaka: kullum yana ganin inda yaransa za su ƙare in ya sake su. Shi ya sa bai tsaya ga marayu kaɗai ba. Yakan roƙi alƙalai su damƙa masa yaran da aka kama da ƙananan laifuffuka maimakon a ɗaure su, ya kuma buɗe gona a wani wuri da ake kira Ladson, inda irin waɗannan yara ke noma da karatu nesa da hayaniyar gari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tarbiyyar gidan tana da ƙafa uku. Ta farko ibada: addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, don Jenkins ya yi imani cewa yaron da ya san akwai Mai ganinsa ba zai ɗauki kansa abin yarwa ba. Ta biyu karatun boko. Ta uku sana'ar hannu, kamar gyaran takalma da gashin burodi da noma da aikin ɗab'i. Har jarida gidan yake bugawa mai suna Charleston Messenger, yara na koyon jera haruffa a maɗaba'arta. Manyan yara su ke lura da ƙanana, ta haka wanda aka tsinto jiya yake zama wan wani gobe.

Sai dai ciyar da ɗaruruwan yara ba wasa ba ne, kuma ɗan abin da hukuma ke bayarwa bai taka kara ya karya ba. Nan ne ya yi dabarar da ta sa sunansa ya zaga duniya. Ya roƙi mutanen gari tsofaffin ƙahonin busa da ganguna, ya ɗauko malamai biyu, Hatsie Logan da Eugene Mikell, suka koya wa yaran karanta rubutun kiɗa da busa. Aka haɗa 'yan badujala na marayu, suna tsayawa a mararrabar tituna suna kiɗa, ana zagayawa da hula ana karɓar abin da Allah ya hore.

A 1895 ya kai su London neman taimako, 'yan sanda suka hana su wasa a titi har aka gurfanar da shi gaban kotu, sai majami'un Ingila ne suka buɗe musu ƙofa. Bai karaya ba. A 1904 yaran suka yi wasa a babban bajekolin duniya na St. Louis, suka kuma shiga jerin gwanon rantsar da shugaban ƙasa Theodore Roosevelt a 1905 da na William Taft a 1909. A 1914 suka koma London wajen wani bajekoli, ɓarkewar yaƙin duniya na farko ta katse musu tafiyar. A 1927 kuma suka hau dandalin wasan kwaikwayo a New York cikin wasan Porgy. Daga wannan gida aka sami fitattun masu busa na kiɗan jaz, irin su Jabbo Smith, da Cat Anderson wanda ya shiga ƙungiyar Duke Ellington a 1944.

Kada mai karatu ya zaci gidan aljannar duniya ce. Horo yana da tsanani, bulala ba ta nisa, abinci kuma ba kullum yake wadata ba. Wasu yaran sun sha gudu, Jabbo Smith ma yana cikinsu. Akwai kuma waɗanda suka ga cewa tsayar da marayu a titi suna kiɗa don neman kuɗi bai yi nisa da bara ba. Wannan suka tana da ƙanshin gaskiya. Amma idan na auna ta da zamanin, sai in ga mutumin da aka rufe wa baitulmali saboda launin fatarsa, ya zaɓi yaransa su ci da gumin fasaharsu a kan su ƙetara katangar nan.

Jarrabawa ba ta bar shi ba har tsufansa. Ɗansa Edmund, wanda ya yi karatun kiɗa mai zurfi a London, ya rasu a Paris a 1926 yana da ƙuruciya. A 1933 gobara ta ci wani sashe na gidan. Shi kansa ya rasu a 1937, matarsa ta biyu, Eloise, ta ci gaba da riƙon gidan, daga baya aka mayar da shi bayan gari.

'Yan uwa, kowannenmu in ya waiwaya zai tuna wani malami ko babban ɗalibi da ya kama hannunsa lokacin da ƙuruciya ta kusa kai shi ga halaka. Jenkins bai fara da ɗaruruwa ba, da yara huɗu ya fara, waɗanda mutane da yawa suka wuce ta kusa da su ba su tsaya ba. Ɗa na kowa ne. Allah ya ba mu ikon riƙon waɗanda ke bayanmu, amin.