Woodrow Wilson: Ɗan Fasto, Shehun Malami, Shugaban Ƙasa

A wannan mako za mu duba rayuwar Woodrow Wilson, malamin jami'a wanda ya yi shekaru yana koyar da ilimin shugabanci, daga baya Allah ya ɗora shi kan kujerar da yake koyarwa a kanta.

An haife shi ran 28 ga Disamba, 1856, a garin Staunton na jihar Virginia, ƙasar Amurka. Mahaifinsa fasto ne a ikilisiyar Presbyterian, shi ma da ya girma aka naɗa shi dattijon ikilisiya. Ya sami digirin dakta a Jami'ar Johns Hopkins a 1886, ya fara koyarwa a Jami'ar Princeton a 1890, ya zama shugabanta a 1902. A littafinsa na 1908 kan tsarin mulkin Amurka ya nuna cewa ƙarfin shugaban ƙasa yana cikin amincewar jama'a ne, don haka wajibi ne ya riƙa fitowa yana yi musu bayani.

Da ya hau mulki a 1913 sai ya soma aikata abin da ya koyar. Shi ne shugaban Amurka na farko da ya riƙa ganawa da 'yan jarida a kai a kai yana amsa tambayoyinsu.

To, amma faɗa da baki ya fi yi sauƙi. A 1914 wani baƙar fata mai gidan jarida, William Monroe Trotter, ya je fadarsa ya yi kukan yadda gwamnati ke raba ma'aikata baƙaƙe da farare. Wilson ya husata ya sallame shi. A 1915 ya daina ganawar da ya saba yi. Bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, ya sa hannu kan dokokin da aka yi amfani da su aka hana gidan waya ɗaukar jaridun da ke sukar yaƙin, aka kuma ɗaure masu suka. A Oktoba 1919 ciwon shanyewar jiki ya kwantar da shi, matarsa Edith da likitansa suka ɓoye wa 'yan jarida tsananin ciwon, aka shafe watanni jama'a ba su san halin da shugabansu yake ciki ba.

Ba mu manta da alherinsa ba. Ya yi fama don kafa ƙungiyar haɗin kan ƙasashe bayan yaƙi, har aka ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya. Ya rasu ran 3 ga Fabrairu, 1924.

Mu tuna sarki Dawuda, wanda ya saurari annabi Natan ya kuma tuba. Fastocinmu da dattawa da shugabannin zumunta, yaya muke karɓar mai tambayar kuɗin baiko a taron ikilisiya? Ubangiji ya ba mu kunnen jin tsautawa. Amin.